Ranar da Iyaka ta Shigo Ɗakin Inna

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya ajiye ni a tsakar gidanmu da rana tsaka. Komai yana nan yadda na san shi, sai dai wani farin zare da ya shigo ta zaure, ya bi ta gindin murhu, ya shige ɗakin mahaifiyata, Inna Tabawa.

Rediyon da ke rataye a jikin dalbejiya ya juyo ya dube ni, ya ce, "Sallau, ba ka ji sanarwa ba? Gwamnati ta tausaya wa talaka. Daga yau ba mai sake shan wahalar zuwa kan iyaka. Iyakar ce za ta riƙa zuwa wurin mutane." Na yi masa godiya, na wuce.

Na tarar da Inna a kwance, zaren ya ratsa gadonta daidai ƙugunta. Wata shamuwa na tsaye a bakin gadon cikin kakin jami'an shige da fice, hular ta yi mata yawa. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Malam, daga ƙugu zuwa sama tsohuwar nan 'yar ƙasa ce, ba mu da ta cewa. Amma ƙafafunta baƙi ne. Dole a mayar da su inda suka fito kafin magariba."

Inna ta ɗago kai ta ce, "Ku tafi da su mana, dama gwiwar nan ta ishe ni. Sai dai ku dawo mini da su ranar Juma'a, akwai sunan jikar ƙawata Hansai."

Ni kam ban yarda ba. Na san halin Inna, duk inda ƙafarta ta nufa can sauran jikinta zai bi. A ƙetare aka haife ta, tana goye iyayenta suka tsallako da ita shekarar da aka yi fari. Ba ta taɓa mallakar wata takarda ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ƙafafun nan fa su suka riƙa raka ni makaranta."

Shamuwa ta sunkuyar da kai. "Wallahi ni ma ba da son raina ba ne. Sai dai ku je kotu."

Na goya Inna. Ba ta fi faifai nauyi ba.

Sai ga mu a tasha. Kotun wata doguwar motar haya ce, alƙali na mazaunin direba yana gyangyaɗi, don ba a fara shari'a sai mota ta cika. Wani kofur ɗan sanda, wanda bindigarsa ta tsiro ganye saboda rashin aiki, shi ke kamasho. Muryarsa har ta dashe: "Shari'a! Shari'a! Saura rabin mutum!"

Wani dattijo mai farin gemu ya leƙo ta taga ya ce mini shi tun yana saurayi ya shigo, bisa zargin satar zakara. "Zakaran ma ya sha zuwa gaishe ni kafin ya rasu," in ji shi. "Kullum sai cikakken mutum ya zo, a ce ya yi yawa."

Kofur na jin bayanin shamuwa ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi, ga rabi ya samu! Sannu da zuwa, Baba." Ya kakkaɓe kujera da hularsa, ya zaunar da Inna a hankali, na zauna kusa da ita. Mota ta tashi. Wata mata a baya ta rangaɗa guɗa, dattijon nan ya fashe da kuka.

Muna tafe gidajen unguwarmu na biye da mu, don su ji yadda za ta kaya. Inna ta kwance bakin zaninta ta fito da goro ɗaya, ta yi ta ɓarawa tana miƙawa har ya zagaye motar, bai ƙare ba.

Alƙali ya dube ta ta madubi. "Baba, ke 'yar ina ce?"

"Ɗan nan, dubi hanya tukuna kar ka zubar da mu." Da ya mayar da idonsa gaba, sai ta ce, "Cibiyata na binne can, mijina na kwance nan. Kai ka zaɓa mini wanda zan bari."

Alƙali ya rage gudu. Ya sauya giya, sannan ya tambayi shamuwa, wadda ke tsaye a kan murfin inji, "Wa ya riga wani shiga ɗakin, tsohuwa ko iyaka?"

"Tsohuwa, ranka ya daɗe."

"Da iyakar za ta shiga, ta yi sallama?"

Shamuwa ta ɗage ƙafa ɗaya. "Ba ta yi ba."

"To, a kamo mini ita."

Kofur ya duba ƙarƙashin kujeru, ya duba bayan mota, bai ga iyaka ba. Ashe tun daga gida Inna ke nannaɗe ta a yatsa, har ta zura allura tana ɗinke mini aljihun rigata da ya yage.

"Wannan kuke nema?" in ji ta. "Ai gani na yi zare ne mai kyau an yasar a ƙasa."

Alƙali ya yanke wa iyaka hukuncin zama a aljihuna har sai ta koyi ladabi. Ya ce Inna ta zauna inda take so, ita da ƙafafunta. Ya sallami kowa da kowa. Dattijon ya ce shi bai san inda zai sauka ba, don waɗanda ya sani duk sun ƙare. Inna ta ce, "Gidanmu za ka sauka, akwai tuwo."

Sai motar ta tsaya a bakin wata gonar gero da ban taɓa gani ba. Wata matashiyar mace, da ba ta kai ni shekaru ba, tana tsaye da ƙwarya a ka tana kira, "Tabawa! Tabawa!" Ba wanda ya gaya mini, amma na san kakata ce, mahaifiyar Inna.

Inna ta dira daga mota da gudu kamar yarinya.

Na ƙwala mata kira, "Inna, ai alƙali ya ce kina iya zama!"

Ta waiwayo tana dariya. "Na ji. Gaisuwa kawai zan yi. Ka riƙe mini wurina."

Geron ya rufe ta. Na dafa kujerarta da hannu biyu, da sauran ɗuminta. Alƙali ya fara danna ham, wai a tafi. Na ce ba inda za a je, mota ba ta cika ba. Ya ci gaba da dannawa, ni kuma ina ta cewa a jira, saura mutum ɗaya.

Ashe mai biredi ne a ƙofar gida yake ta matsa ham ɗin kekensa. Gari ya waye tuni.

Ko takalmi ban tsaya sawa ba, na nufi ɗakin Inna. Tana zaune a bakin gado tana fifita kokonta. Na zauna dab da ita.

"Lafiya, Sallau?"

"Lafiya lau, Inna."

Ta ƙare mini kallo, sannan ta ture ni da gwiwar hannu. "To ɗaga, ka zauna mini a kan carbi."

Na ɗan gusa kaɗan, amma ban tashi ba.