Daron Safar Hannu

Warin daron ne ya fara dukan hancin Turai tun kafin ta ƙarasa rumfar. Ɗanbala, shugaban ma'aikatan lambun, yana tsugune yana dama farar hodar nan mai warin asibiti. Mata sun yi layi, kowacce na jiran ta tsoma safar hannunta ta roba.

Lambun na wani Alhaji ne ɗan kwangila, can bayan Wurno. Otal-otal ɗin Kano ake kai wa latas ɗinsa, inda kuɗin fetur ya tara masu cin ɗanyen ganye. Da farko matan sun ɗauka don lafiyarsu ake wannan ɗawainiya, har addu'a suka yi wa Alhaji, bayin Allah. Sai Ɗanbala ya faɗa musu, ko kunya babu, cewa latas ake karewa daga hannunsu.

Yau Turai ba aiki ta zo ba. Amai da gudawar da ta shigo ƙauye ta ɗauke mahaifiyarta, Inna Kulu, kuma matan unguwa duk sun noƙe, babu mai zuwa wankan gawa. Malamin asibiti ya gargaɗe su kada a taɓa irin wannan gawa da hannu haka nan. Ga ta kuma da goyo, A'i, ko yaye ba a yi ba.

"Malam Ɗanbala, aron safar nan za ka ba ni, da hoda ko cokali ɗaya ne. Inna zan wanke."

Ya ja da baya kafin ya ce Allah ya jiƙanta. Amma, in ji shi, safar da ta taɓa gawa ta dawo ta taɓa kayan Alhaji? In maganar ta kai Kano an soke kwangila ke nan, kowa ya rasa na tuwo. Ta roƙi ko ragowar ruwan hodar na jiya. Ya nuna mata gindin mangwaro, inda ya zubar da shi.

* * *

Ita kaɗai ta yi wankan, da hannuwan da zafin roba ya tsattsage. Ta dirje su da toka da sabulun salo har suka yi jini. A'i ta yi ta tsala kuka, Turai na daurewa, tsoro fal cikinta. Da kukan ya fara dishewa, ta ɗauke ta ta ba ta nono.

* * *

Bayan sadakar uku ta koma lambu, don babu ko ƙwayar dawa a gidan. Ta tsoma safa, Ɗanbala ya jujjuya safar, ya ce wa sauran su yi koyi da tsabtar Turai.

Tana sunkuye cikin latas ta ji ɗumi yana bin bayanta. Ta leƙa zanen goyon. Ruwa ne tsululu, fari-fari kamar na wankin shinkafa, irin wanda ta share a tabarmar Inna. A'i ko motsi ba ta yi ba.

Ta isa rumfa. Ta zare safar a hankali, ta rataye ta a igiya yadda ba za ta taɓa ƙasa ba, kamar yadda aka koya mata. Sannan ta kwance goyon.