Ƙyallen Si Munji

Ranar Talata ce, iska ta ɗauke cak a garin Munastir, ɗakin ɓerayen gwaji da ke ƙasan benen jami'a ya tumbatsa da zarnin fitsari. Dalanda ta gyara takunkumin hancinta, ta jawo akwatin gwaji.

Wata huɗu ke nan tana kan wannan aiki, kuma da shi za ta kare digirinta bana. Akwatin ɗaki biyu ne, baƙi da mai ratsi. Tsarin shi ne, yau ta yi wa ɓera allurar barasa ta kulle shi a ɗaya, gobe ruwan gishiri a ɗayan. Ranar ƙarshe a zare shamakin da ke tsakaninsu a ga inda zai zauna. In barasar ta yi masa daɗi zai koma ɗakinta, in ta jigata shi zai guje shi. Jigatar kam ta gani. Ɓera ba ya amai, sai dai ya baje ciki a ƙasa cikin kashinsa, kuma da hannunta ta soka masa allurar.

Yau ce ranar ƙarshe, ɓerayen sun ƙi zaɓa. Na farko ya yi ta kai da kawowa. Na sha tara ma haka.

Si Munji, mai kula da ɗakin shekara ashirin, ya shigo yana tauna burodi da kifin gwangwani. Kullum ɗakin wanki yake kai akwatin, yau zafi ya sa ya tsaya nan. Ya feshe ɗakunan biyu da sifirit, ya bi da ƙyalle, yadda ake yi wa kowane akwati a ginin. Dalanda ta janye takunkumin ta shinshina. Barasar ce dai, irin ta cikin allurar.

Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun ranar farko, bayan kowane ɓera, shi ba ƙazami ba ne.

"Si Munji, ɗakunan biyu ka mayar mashaya."

"'Yata, kashinsu kike so ki kai wa Dakta?" Ya lashe man kifin da ke yatsansa.

Dakta, malaminta, ya saurare ta a waya, ya ce laifinta ne da ba ta manna takardar gargaɗi a jikin akwatin ba. A sake daga farko da sababbi, waɗannan a kashe su kafin Juma'a.

Ita ta kashe su. Ɓeraye arba'in da takwas, allura ɗari uku da tamanin da huɗu, wata huɗu, da digirin bana.