Gashin Idon Yasmin

Ranar da Sharhabil ya saki matarsa Sumayya, 'yarsu Yasmin tana makaranta. Da ta dawo da azahar, jaka a baya, gorar ruwa a wuya, sai ta tarar da ɗakin uwarta a buɗe, gado ba katifa. Kakarta Hajiya Harira ce ta tare ta a tsakar gida, ta cire mata takalmi, ta zuba mata shinkafa da wake.

"Hajiya, ina Ummi?"

"Ci abincinki tukuna."

Yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba, amma ta iya naci. Ta tambaya a kan abinci, ta tambaya wurin wanka, gari ya waye ta tashi da tambayar. Shi kuwa Sharhabil, kafin ya fita shagonsa na gyaran janareta a unguwar Malali ta Kaduna, sai da ya kafa sharaɗi: kada kowa ya gaya wa yarinya uwarta na gidan iyayenta a Katabu, don kada ta saba da kukan a kai ta. Harira kuwa ba ta taɓa iya musa wa autanta ba.

Wata safiya tana tsefe wa jikar kai, tambayar ta sake dawowa, haƙurin tsohuwa ya ƙare. Sai ta tuna abin da ta gani ana gobe rabuwar: Sumayya na wanki da hantsi, Yasmin na rataye a wuyanta tana roƙon tatsuniya, har uwar ta ba ta labarin dodon da ke haɗiye 'yan mata a bakin rafi. Dama wannan na cikin abin da ma'auratan ke saɓani a kai. Sharhabil ya ce ƙarya ce kawai da firgita yara. Sumayya ta ce ita da irinsu aka rene ta, kuma Yasmin har tafi take yi idan aka farke cikin dodon kowa ya fito da ransa.

"Ba ke kika matsa mata ta yi miki tatsuniya da rana ba?" in ji Harira, tana jan matajin. "A garinmu ko yaye ya san ba a yi. Wanda ya yi tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. To ga shi nan."

Sai da aka gama tsifar Yasmin ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Hajiya, ba shi da magani?"

"Da kafin a fara ne, sai a tsinke gashin ido ɗaya a hure, a ce an ɗaure ta. Ku ba ku ɗaure ba."

Daga ranar tambaya ta ɗauke. Harira ta samu sararin yin lazuminta, har ta gaya wa maƙwabciya cewa yarinya ta dangana. Da ta ga fatar idon Yasmin na hagu ta yi ja ta kumbura, ta ɗauka ciwon ido ne na yara, ta aika kemis aka sayo maganin ɗigawa.

Ran wata Juma'a ta leƙa bayan tankin ruwa neman tsintsiya, sai ga Yasmin a durƙushe da murfin tukunya a hannu, tana duba fuskarta a ciki. Ta kama gashin ido da farce, ta runtse, ta fizge. Ta ɗora shi a tafin hannu ta hure.

"Na ɗaure," in ji ta. Ta juya tana kallon ƙofar gida, ta jira. Da ba wanda ya shigo, ta sake ɗaga murfin.

Idon hagu ba sauran gashi ko ɗaya. Harira ta ƙarasa wurin. Ta janyo yarinyar, ta zaunar da ita a cinya har Sharhabil ya dawo daga masallaci. Ta nuna masa idon, ta gaya masa abin da ta gani da abin da yarinyar ke faɗa. Inda maganar ta samo asali ne kawai ba ta faɗa ba.

Sharhabil ya ɗaga haɓar 'yarsa ya duba, ya yi tsaki.

"Kin gani ko, Hajiya? Abin da nake faɗa ke nan kullum ana ganin tsananina ne. Uwarta ta cika mata kai da dodanni da camfi, ga sakamakon." Ya zauna a kan tabarma ya ja kwanon abincinsa. "Da na ce in Sallah ta zo a kai mata ita ta wuni. Na fasa."

"Auta..." in ji Harira.

Ya ɗago yana jiran ta. Maganar na bakinta, ba ta da tsawo: ni na gaya mata. Ta dubi ɗanta, ta tuna yadda yake ɗaure fuska ya yi mako bai gaishe ta da sakin rai ba. Ta ce, "Akwai yaji a ƙaramin kwanon."

Yasmin ta ja mata gefen mayafi. Ta kawo baki kusa da kunnenta, don kada Abba ya ji.

"Hajiya, na yi da yawa fa, ba ta dawo ba. Ko bai isa ba ne?"

Katabu ba nisa, mota ɗaya ce daga Kawo. Sumayya na can da ranta da lafiyarta, ƙila a wannan lokacin ma wanki take yi. Harira ta san in ta faɗa, yarinyar za ta kwana da ɗayan idonta lafiya. Ta saci kallon tabarma. Sharhabil ya daina tauna, kunnensa na wajensu.

"Irin wannan a hankali yake ci," in ji ta. "Ki yi ta haƙuri."

Yasmin ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba aiki. Ta zame daga cinyar, ta ɗauki murfin tukunyarta, ta nufi bayan tanki tana shafa idon dama da ɗan yatsa.