Kujerun Gwanjo

Mijinta bakanike ne, kuma tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya sayi sabon abu ba. Firij, fanka, talabijin, duk na hannu. "Mai sayen sabo ai kwali yake saya," in ji shi. Ita kuwa malamar makaranta ce mai gudun raini. Shi ya sa da ya kwaso wasu kujeru ruwan toka daga wurin dillali, ta gaya wa maƙwabta daga kamfani aka kawo su.

Ana nan sai mahaifiyar yarinyar da ɗansu zai aura ta zo ganin gida. Hajiya ce da ake cewa ba ta maimaita zani, turarenta kan riga ta shiga ɗaki. Tun safe Malama take goge-goge.

Hajiya ta yi sallama, ta shigo falo, sai ta ja ta tsaya. Ta dubi kujerun, ta daɗe tana dubansu, sannan ta zauna a bakin doguwar kamar mai tsoron ta ƙone. Malama ta zuba mata shayi. Ta lura hannun baƙuwar ya zarce ƙarƙashin hannun kujerar, daidai inda dutsen guga ya taɓa ƙona yadin. Wurin ba ya ganuwa, ita kanta sai da ta yi wata tana shara kafin ta gano shi.

Nan maigida ya shigo yana goge baƙin mai a tsumma. Bayan gaisuwa ya buga bayan kujera da alfahari.

"Hajiya, kin ga kayan nan? Tsintuwa na yi."

"Abban yara, ana jiranka a gareji," in ji Malama.

"Su jira. Dillalin ya ce na wani babban gida ne da kasuwa ta juya wa baya. Har labule suka sayar, amma matar gidan tana nan tana fita da gwala-gwalai, wai kada a gane. Ai ni irin wannan rayuwa..."

Hajiya ta mayar da kofinta kan faranti ba ta kurɓa ba. Malama ta dubi kofin, ta dubi ɗayan hannun da har yanzu yake kan ƙunar. Sai ta gane ko gidan wa ake nufi.

"Dillali ai bakinsa ne jarinsa," ta katse shi. "Haka ya ce mana firij ɗin nan na wani likita ne. Duk gidan da bai taɓa sayar da kaya ba, bai daɗe a duniya ba. Hajiya, a ƙara sukari?"

Maigida ya dubi fuskar matarsa, ya ga abin da bai saba gani ba, ya tattara tsummansa ya fita.

Suka yi maganar yara da ranar da iyaye maza za su haɗu. Ba wadda ta ɗaga ido sosai. Da Malama ta raka ta bakin ƙofa, Hajiya ta gyara mayafi, ta yi ƙasa da murya.

"Kada ki sa musu ruwa da sabulu, 'yar'uwa. Yadin yana zuba."

"To, Hajiya. Na gode."

An yi auren bayan watanni. Duk zuwan da Hajiya za ta yi, a kan tabarma take zama, wai bayanta ke ciwo, Malama kuma sai ta sauko ta zauna kusa da ita. Maigida har yau bai san dalili ba.