Makin Auta

Masu sauraro ne suka raɗa mata suna Almakashi, ita kuwa ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Shirinta na hantsin Asabar a gidan rediyo abu ɗaya ya sa a gaba: duk mawaƙi ko ɗan fim ko ɗan ƙwallon da ya tafka abin kunya ya fito neman gafara, sai ta saka muryarsa a ji, masu buga waya su tofa albarkacin bakinsu, ita kuma ta yanka masa maki cikin goma. Wanda ya ce "idan na ɓata wa wani rai", biyu ne rabonsa. Wanda ya ce kutse aka yi masa a waya, ko ɗaya ba ya gani. Mutane sun yarda da makinta don ba ta da ɗan lele, kuma wannan yardar ita ce duk abin da take taƙama da shi.

Sai ga abu ya faɗo cikin gida. Ƙaninta Auta, wanda Mama ta sha kuka da shi kan zaman gaban allon kwamfuta kamar an dasa shi, ya zama wani abu a duniyar wasan gem. Dubban mutane ke kallonsa kai tsaye yana tseren mota, har wani kamfanin lemo ya manna fuskarsa a jikin kwalba. A wata gasa, wata budurwa ɗalibar aikin jinya ta lallasa shi a gaban jama'arsa. Da aka miƙa mata makirufo, ashe tana da in'ina. Auta ya kwaikwaye ta, ya ƙara da cewa maguɗi ta yi. Mabiyansa suka yi mata caa har ta rufe shafinta. Ba a jima ba bidiyon ya zagaye wayoyi, zagi ya juyo kan Auta, kamfanin ya ce ya gyara ɓarnarsa ko a sauke fuskarsa.

Almakashi ta tarar da shi a falon Mama ya yi zuru, waya a kife a cinya.

"Yaya, wallahi wasa nake yi."

"Wasan naka ya yi kyau. Ga shi duniya na taya ka dariya."

Mama ta ajiye carbi. "Ke ce babba. Bakin nan da kike yanka 'ya'yan mutane da shi, yau ki ɗinke wa ɗan'uwanki. Ko sai ya koma zaman banza hankalinki zai kwanta?"

Almakashi ta ji haushinsa har cikin ranta, amma ita ta goye shi, kuma ba ta iya ganin idonsa ya yi ja. Ta ja shi ɗaki, ta cire masa sarƙa da baƙin gilashi, ta sa ya saka farar riga. Ta zaunar da shi a jikin bango inda ba hoto ba kofin gasa, ta ɗaga waya.

"Ba 'idan', ba 'amma'. Ka faɗi abin da ka yi da sunansa. Kada ka yi kuka, ba ka iya ba. Kalli nan, ba ƙasa ba."

Aka yi ta ɗauka ana gogewa. Da ya ce shaiɗan ne, ta ce shaiɗan bai riƙe makirufo ba, a sake. Kafin la'asar ta fitar da neman gafarar da ko ita ba ta ga inda za ta sa almakashi ba. Auta ya saki bidiyon, zagi ya fara lafawa, kamfanin ya ce zai ji abin da jama'a za su ce.

Ranar Asabar ta san in ta tsallake shi an gama da ita, don kowa ya san ƙaninta ne. Ta faɗi haka da bakinta a farkon shirin, amma ba ta ce ita ta koya masa karatun ba. Mai haɗa sauti ya saka muryar. Wayoyi suka fara shigowa. Wani direba ya ce yaro ya yi hankali, a ba shi maki tara. Wata ta ce duk wasan gem ɗin ne ke lalata tarbiyya, a hana kawai. Wani ya ce in ya tashi neman gafarar matarsa, wannan zai haddace. Almakashi ta yi dariya, ta ji nauyi na sauka daga ƙirjinta.

Sai mai haɗa sauti ya yi mata alama ta bayan gilashi, ya haɗa wani layin. Aka ji numfashi, sannan murya ta fara, ta sarƙe, ta sake farawa. A ƙa'ida, in mai kira ya ɓata lokaci katsewa ake yi. Almakashi ta ɗaga hannu ta hana.

"Ni ce," in ji muryar daga ƙarshe. "Wadda ya kwaikwaya."

Maganar ta ɗauke ta lokaci, ba wanda ya taya ta. Ta ce ta kalli bidiyon, ya yi kyau ƙwarai. Ta ce ya ba masoyansa haƙuri, ya ba kamfani, ya ba mahaifiyarsa. Ta ce yana da lambarta tun ranar gasar, amma a waya ta ga tuban nasa kamar kowa.

"Aunty, nawa kika ba shi?"

Almakashi ta san Mama na zaune kusa da rediyo, ta san mutanen kamfanin ma na ji. Kunya ta lulluɓe ta.

"Ba shi da ko ɗaya," ta ce. "Kuma ku sani, duk abin da kuka ji ya faɗa, ni na tsara masa."

Tana fita harabar gidan rediyon wayarta ta yi ƙara. Ta shirya wa ashar, ta shirya wa kuka. Amma muryar Auta a sanyaye take, irin ta lokacin da yake ƙarami in an dake shi bai san laifinsa ba.

"Yaya, duk abin da kika ce in yi na yi. Ba ki ce in kira ta ba."

Ta buɗe baki za ta ce wannan ai ba sai an gaya wa mutum ba, sai ta kasa. Yini guda ta yi tana gyara masa zama da kallo, yarinyar ko sau ɗaya ba ta faɗo mata a rai ba.