Sunan da Larai Ba Ta Faɗa

Na shiga Garin Umara ranar Talata da niyyar in fito kafin la'asar. Kwana biyar na yi.

Ni Saudatu malamar firamare ce a Haɗeja, amma an fi sanina da shafina na Fesbuk, inda nake sa labarin ƙauyukan fadama da ba ɗan jaridar da ke takawa. Ba wanda ya aike ni. Mijina cewa yake bakina ne ya yi mini yawa, shi ya sa na samo wa bakin aiki. Da guguwar Agusta ta zo da ruwan kwana uku, jinga ta ɓalle, sai na ɗauki waya na hau a-daidaita-sahu. Inda kwalta ta ƙare na hau babur, inda babur ya gaza na shiga kwalekwalen wani mai kai gishiri. Ya sauke ni, ya ce zai dawo. Kafin yamma ruwa ya ƙaru, ya turo kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta toshe hanyar da muka bi.

Garin duka ya koma tudun makaranta. Mata a ajujuwa biyu, maza a baranda, awaki a tsakani suna cin littattafai. Maza na cika buhuna da ƙasa suna tare bakin tudun, mata na shanya shinkafar da aka tsamo, wadda ta fara tsiro a cikin buhu. Ko ina ka juya ruwa ne. Sabis ba ya kamawa sai a gindin tankin ruwa, caji kuma sai a solar masallaci, idan rana ta ga dama.

A Haɗeja akwai masunta 'yan sa kai da jirgi ɗaya mai inji, shugabansu Malam Bala. Man fetur ba ya isarsu, don haka inda aka ce akwai wanda ya maƙale kawai suke zuwa, kuma shafina suke dubawa. Wannan ya sa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina tambaya: 'ya'yanki nawa, suna ina? Da na zo kan Larai, wata doguwar mata da mijinta ya rasu, ta sunkuyar da kai ta ce huɗu, ta nuna mini su. Na ƙirga, huɗu cif. Na je gindin tanki na rubuta cewa Garin Umara sun yi asarar gidaje da gonaki, amma ba wanda ya ɓata. Washegari jirgin ya nufi ƙauyukan arewa.

Ranar Alhamis na lura Larai ba ta cin abinci. Takan tsaya a bakin ruwa ta fuskanci gabas har ƙafafunta su nutse a laka. Na tambayi 'Yar'azumi, tsohuwar da muke kwana tabarma ɗaya. Ta ce ai ita ma abin ya fara damunta, don ba ta ga Mukhtar ba, ta ɗauka yana Haɗeja wajen sana'a. Na ce wane Mukhtar? Ta dube ni kamar na tambaye ta ina gabas. Ɗan farin Larai mana. Kakarsa ce ta raine shi, ita ce mai faɗin sunansa da tambayar lafiyarsa, ga shi bara ta rasu.

Na san wannan kunyar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sa shi a lissafi, ko zancensa aka kawo sai ta kau da kai. Ni kaina 'yar fari ce, uwata ba ta taɓa ce mini Saudatu ba. Amma da na riƙe waya sai na manta 'yar gidan wa nake, na yi tambaya irin ta masu cike fom.

Muka ja Larai bayan aji. Da ƙyar 'Yar'azumi ta tatsi zancen. Tun ranar Lahadi Mukhtar ya tafi bukkar gona don ya ɗebo gurarsa ta kamun kifi, kuma ita kaɗai ta ga fitarsa. Ta yi ta jiran wani ya tambaya, ba wanda ya tambaya. Haushi ya kama ni, na faɗa mata maganganun da har yanzu nake kunyarsu.

Na kira Malam Bala. Bai yi mini da sauƙi ba. Ya ce shekaranjiya na ce kowa lafiya, yau na ce wani ya ɓata, wanne zai ɗauka? Sau biyu ke nan a satin ana aika su neman mutanen da ke zaune gidan dangi. Man da ya rage na tafiya ɗaya ne, kuma akwai wani ƙauyen da ke jira. Abokan aikinsa ba za su yarda ba sai wani na jikin yaron ya yi magana da bakinsa, ya faɗi sunansa da inda yake. Na duba wayata, caji kashi shida, sama kuma ta rufe.

Na kai wayar bakin Larai a gindin tanki don ta yi saƙon murya. Mata sun kewaye mu. Ta ce, "Yaron nan na tsohuwa, yana bukkar da ke bayan giginya uku." Na ce ba zai yi ba, suna ake so. Ta sake: "Shi wancan ɗin." Caji ya koma kashi huɗu. Na ji kamar in jefa wayar a ruwa in bi ta.

'Yar'azumi ce ta kori matan, ta juya mana baya ita ma. Na rage murya.

"Larai, laifina ne, ba naki ba. Amma ba ni da wata hanya. Ba zan sa a shafi ba. Mutum ɗaya zai ji, sannan in goge."

Ta daɗe tana kallon ruwa. Sai ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Ni ce Larai. Ɗana ne. Sunansa Mukhtar. Mukhtar. Yau kwanansa biyar. Ku taimake ni ku ɗauko mini Mukhtar."

Saƙon ya tafi, wayar ta mutu a hannuna. Ban san ko Malam Bala ya saurara ba. Juma'a ta zo ta wuce, rana ba ta fito ba, jirgi bai zo ba. Na yi ta zagaya tudun kamar akuyar da aka ɗaure, ina tsoron haɗa ido da kowa. Larai kuwa ta daina zuwa bakin ruwa, ta zauna a lungun aji ta rufe fuska.

Asabar da hantsi muka ji ƙarar inji. Sai da suka sare kacala da adda kafin su iso. Mukhtar yana kwance a tsakiyar jirgin, ƙafafunsa sun yi fari sun kumbura, sauro ya gama da fuskarsa. A kan rufin bukka suka same shi, yana cin ɗanyen kifi. Gari ya ruɗe, kowa na son taɓa shi. Larai ta leƙo sau ɗaya, ta koma wajen murhu. Can sai ta miƙo mini kwanon kunu.

"Kai wa mutanen jirgin," ta ce. "Kuma ki goge abin nan."

Na kai. Rana ta ɗan fito da safe, na samu caji kaɗan. Mukhtar ya sha kunun a hankali, yana jingine da bangon aji. Da mutane suka ragu, ya yi mini alama in matso. Ya ce Malam Bala ya gaya masa abin da ya kawo su. Sannan ya tambaya, muryarsa a dishe, ko saƙon yana nan.

Na yi wa Larai alkawarin mutum ɗaya ne zai ji. Na waiwaya, tana can ta ba mu baya tana hura wuta. Na rage ƙarar, na miƙa masa.

Ya kara a kunne. Da ya ƙare ya sake kunnawa. Shekararsa ashirin da uku, ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza. Na bar shi ya ji na uku, sannan na goge.