Rabin Taken Babba

"A'a! Wanga kiɗan mahauta ne. Nama za mu yanka?"

Muryar Ɗanmaliki ce daga kan gado, ta ratso dangar da ta raba gidajenmu, tari ya biyo bayanta. Na juye kunun da nake dama masa a ƙwarya, na zagaya.

Shi ne makaɗin noman unguwarmu a Kankia. Duk manomin da ya isa yana da takensa, kiɗan da in aka buga a gayya ya san da shi ake, in ya mutu ɗansa ya gada. Taken nan kaf a kan tsoho ɗaya suke, tsohon kuwa ga shi kwance, ƙafafu sun kumbura.

Ɗansa Hussaini magidanci ne, amma har yanzu koyo yake. Hannu kam Allah ya ba shi, zama ne babu. Ya bi masu kalangu har ya fara iyawa, ya watsar, ya koma wa dundufar maƙera. Ya yi wata wajen mafarautan Yashe. Bara ma motar gyaɗa ya hau zuwa Katsina don kawai ya ji gangar sojan Turawa, ya dawo ya hana mu sakat da ita.

Na tarar da shi a ƙofar ɗaki, ganga a kafaɗa, ƙafa sai rawa take yi.

"Baba, a Kusada hwa haka suke juya shi."

"To tahi Kusada su ba ka taken ubanninsu."

Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne. Autana Ummaru zai shiga gayyarsa ta farko a madadin ubansa, taken marigayi maigidana kuwa ba a kai ga koya wa Hussaini shi ba tukuna. In na ji shi na san shi, har tsigar jikina ta tashi, amma bakina bai iya maimaita shi.

"Malam, na gidanmu hwa?" na ce.

"Iyatu, bi da bi a kai. Gobe in Allah ya kai mu, na maigidanki Babba za mu yi."

Da gari ya waye Hussaini ba ya gida. Wai wani mai kotso ya sauka Kusada, zai je ya ji ya dawo kafin azahar. Na kasa daka, na kasa zama. In leƙa hanya in dawo in kasa kunne jikin danga, in ji ko tsohon na numfashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi ta yi wa ɗan mutane baƙar magana ni kaɗai.

Sai bayan la'asar ya shigo, baki har kunne.

"Inna, da kin ji yadda mutumin ga ke..."

"Shiga ka ga ubanka."

Bakin Ɗanmaliki ya riga ya rufe. Idonsa dai na kan ɗan. Ya lalubo hannun Hussaini, ya fara ƙwanƙwasa masa da yatsa a kan damtse. Hussaini ya jawo ganga ya bi a hankali. Shi ne, taken maigidana! Na matso kusa, na kasa kunne.

Sai hannun nan da bai san tsayawa ba ya ƙara wani ado da ya kwaso a Kusada. Tsohon ya girgiza kai, ya komo daga farko. Ya kai tsakiya, yatsan ya tsaya.

"Baba, ida mani. Na bari, wallahi na bari."

Kafin magariba aka kai shi makwancinsa.

Ranar gayya na kai fura gona. Hussaini ya bi manoma ɗaya ɗaya, ba ado ko kaɗan, kowa ya ji nasa ya yi kururuwa ya duƙa. Da ya zo kan Ummaru ya buga abin da ya samu, ya kai inda uban ya tsaya, ya tsaya shi ma. Bai ƙara ko bugu ɗaya na kansa ba.

Ummaru na tsaye a tsakiyar gero, garma a sama, yana jiran sauran.